Abin da Murfin Mota Ya Naɗe

Ana gab da kiran magariba, lokacin da kaji ke neman makwanci, hayaniyar layi tana lafawa, wani direba yana zaune bakin ƙofar ɗakinsa da buta a gaba. Matarsa tana kwashe shanya. Auta, wadda ita kaɗai ta rage a gabansu tun da yayyenta suka tafi makarantar kwana, tana tsallen igiya kusa da a-kori-kurarsa da ke fake a tsakar gida. Sai aka ƙwanƙwasa daga bayan motar, sau uku, a hankali.

Bayan motar nan ba tamfol ke rufe shi ba irin na sauran direbobi. Murfi ne na ƙarfe mara nauyi, sala-sala, in ka tura shi sai ya naɗe kamar tabarma ya shige wani siririn akwati a bayan mazaunin direba, in ka jawo shi ya rufe ruf. Tun da aka sa masa shi, buhunan fulawar da yake kai wa gidajen burodi ba su ƙara jiƙewa ba, shi kuma bakinsa bai ƙara rufuwa ba. Abokan aiki a tasha har cewa suke da murfin zai shiga ɗaki, da tare za su riƙa kwana. Amma kwana uku ke nan murfin yana maƙale cikin akwatinsa, ba gaba ba baya, mai shi kuwa ya daina zancensa.

Auta ta saki igiya, ta je ta kara kunne a jikin akwatin.

"Baba, akwai mai kuka a ciki."

Ya daka mata tsawa ya ce ɓera ne, ta bar wurin. Bai rufe baki ba tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗaki, wata ta biyo ta, sannan suka yi ta zuba. Matar ta leƙa waje don ta ci mutuncin 'ya'yan maƙwabta, ta tarar layin ba kowa. Da ta dawo, Auta tana kwance a ƙasa, gwiwoyinta sun haɗe da haɓarta, hannuwanta sun lanƙwashe ciki, ta dunƙule wuri guda. Su biyu suka kama ta, suka kasa miƙar da ko yatsa ɗaya.

Shi ya san ba ɓera ba ne. Kwana uku da suka wuce, yana dawowa daga kai kaya, ya tsaya a gindin wasu manyan itatuwa kusa da wata tsohuwar gada, ya bar bayan motar a buɗe, barci ya ɗauke shi. Ya farka rana ta yi ja, ya fizgo murfin ya kulle bai ko leƙa ba, alhali makanikin da ya ɗaura masa ya ja masa kunne: ka duba kafin ka ja, ka tura a hankali, inuwa ce, yara da kuliyoyi suna son ta. Ya yi tafiya kaɗan ya ji ƙwanƙwasa da siririn kuka. In ɗan wani ne ya hau, wa zai yarda ba sato shi ya yi ba? Sai ya ƙara muryar rediyo. Aka sake ƙwanƙwasawa, ya ƙara taka mota. Sai da ya kai inda ba mutane ya tsaya, ya buɗe makulli, ya kau da kai, ya angiza murfin da duk ƙarfinsa. Murfin ya naɗe a guje, kukan ya ɗaga sau ɗaya, ya yanke.

Bayan motar ba kowa. Sai dai a kan garin fulawar da ya zube akwai sawun ƙananan ƙafafu, sun nufi akwatin, ba su dawo ba. Akwatin da ko kyanwa ba za ta shige ba. Ya tsaya ya dube su da kyau, ya ɗauki tsumma ya goge, ya koma gida ya ci abinci.

Kwana bakwai Auta ta yi a dunƙule. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce shi bai ga komai ba. Ruwa kaɗai ke wuce mata, shi ma da cokali. Kullum rana ta kusa faɗuwa sai gidan ya yi tsit, akwatin ya yi ƙara sau uku, jifa ta biyo baya. Direban ya ce wa 'yan tasha waya ce ta tsinke a murfin, ya ƙi kai shi wurin makaniki, don yana tsoron abin da za a zaro.

A rana ta biyar matarsa ta durƙusa a gabansa tana kuka. Ta ce laifinta ne, ita ta bar yarinya a waje da almuru tana can tana fama da shanya, ya yafe mata. Maganar gaskiya ta zo masa har maƙogwaro. Ya dubi bangon ɗaki ya ce, "Na yafe." Duk abin da ya aikata a kan hanya bai kai wannan kalma muni ba, kuma ya sani.

A rana ta bakwai wan matar ya kawo wani malami, dattijo mai sanyin murya wanda bai zo da komai ba sai carbi. Ya zauna kusa da kan yarinyar ya fara karatu, ba gaggawa. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Can Auta ta buɗe ido, muryar wata babbar mace ta fito daga bakinta, a dushe, irin ta wadda ta gaji da kuka.

"Malam, daina ƙona ni. Ba ni ce azzaluma a gidan nan ba."

Malam ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da take nema a jikin yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ta ce a gindin itatuwan gada take zaune, ɗanta ne ya ga inuwa ya shiga wasa da garin fulawa, kwanansa goma ke nan a naɗe cikin ƙarfe, ita kuma ba ta da ikon taɓa ƙarfen. Kan Auta ya juya a hankali har ya tsaya a kan uban.

"Rufewar ban riƙe ka da ita ba, ba ka gani ba. Amma ya ƙwanƙwasa. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji," in ji shi.

"Sawunsa fa?"

"Na goge."

Bai ɗaga kai ya dubi matarsa ba, amma ya ji lokacin da kukanta ya tsaya.

Aljanar ta ce ta rantse yarinyar za ta zauna a haka muddin ranta. Malam ya yi ta mata nasiha, ya ce ta ji tsoron Allah, ba a kama ɗiya da laifin uba, kuma ita ma uwa ce. Aka daɗe ana ja-in-ja. Daga ƙarshe ta ce to, uban ya kwance akwatin da hannunsa, ba makaniki ba, ya warware murfin sala ɗaya bayan ɗaya.

"Yadda na karɓi nawa, haka zai karɓi tasa."

Direban ya ɗauko sifana. Ya kwance ƙusoshin, ya yi bisimillar da bai yi ba ran nan, ya fara ja a hankali yadda aka koya masa tun farko. Sala ta fito, ya ji malam daga ɗaki yana cewa ƙafar dama ta saki. Wata ta fito, wuya ya miƙe. Haka ya yi ta ja, zufa tana ɗiga a kan ƙarfen, har ya iso salar ƙarshe, ya tarar ta lanƙwashe daidai inda ƙarfin angizarsa ya ƙare. Ya sa gwiwa ya danna, ya buga, ta ƙi miƙewa. Wani abu mara nauyi ya bi ta bayan hannunsa ya sauka. A ɗaki Auta ta yi atishawa ta ce tana jin yunwa.

Ba a ƙara jifa a gidan ba. Amma yatsu biyu na hannun hagun Auta sun zauna a lanƙwashe, ba mai da ba a shafa ba, ba asibitin da ba a je ba. Matarsa ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Sau ɗaya kawai, tana ajiye masa ruwan wanka, ta ce, "Har da cewa ka yafe mini," ta wuce.

Ya koma tamfol da igiya kamar kowa, 'yan tasha suka samu abin tsokana. Wata safiya yana ɗaure kaya Auta ta zo ta kama bakin igiyar za ta ƙulla masa, igiyar ta zame. Ta sake kamawa, ta sake zamewa. Ta yi dariya, don ita ba ta tuna komai ba.

"Baba, wannan hannun ba ya jin magana. Wai me ya same shi ne?"

Matarsa tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta daina shara tana jira. Direban ya ajiye igiyar, ya kashe motar da ya riga ya tayar, ya ce wa Auta ta zo ta zauna.