Bindigar da Ta Yi wa Aljana Ƙarya

Rana ta yi ja, tana shirin faɗuwa, lokacin da maƙerin bindigogi ya kulle shagonsa da ke jikin gida, ya shigo yana goge baƙin mai a hannu. Mutum ne da mafarauta ke jira wata shida kafin ya ƙera musu guda. Sai ya auna tsawon hannunka da faɗin kafaɗarka sannan ya sassaƙa ƙota. Ranar karɓa kuma ya haɗa maka da kwalin gwaji mai hudar harsashi uku, kusa da kusa, murfin kwalba ɗaya ya rufe su.

Ya zauna a tabarma. Matarsa na kwashe shanya. Autarsu, 'yar shekara goma sha shida, ta miƙo masa ruwa. Bai kai kofin baki ba tsakuwa ta faɗo ta hagunsa, tsakaninta da gwiwarsa faɗin tafin hannu.

Ya gusa. Ta biyu ta faɗo, ta hagu, tafin hannu ɗaya.

"Yaran maƙwabta ne," in ji shi.

"Wane maƙwabcin?" in ji matar. "Wanda autansa ya fara furfura?"

Ba wanda ya yi dariya. Kaji sun shige akurki tun lokacinsu bai yi ba, gidan ya yi tsit.

Kwana huɗu ana haka. Da almuru ya kawo kai, duk inda ya zauna, ko cikin ɗaki ne ƙofa a rufe, tsakuwar za ta same shi, kuma ba ta taɓa taɓa shi ba. A rana ta biyar Auta ta manta ta zauna a hagunsa. Tsakuwar ta dira a tsakiyar goshinta.

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe a hankali, ta turo ciki, ta yi gyaran murya irin na ubanta, sannan ta yi magana da muryarsa sak: "Ranka ya daɗe, wannan bindigar ko ƙuda ka nuna mata, sai ta tambaye ka wane idon."

Uwar ta dubi hannuwan yarinyar, ta saki kayan shanya. Yatsu bakwai sun lanƙwashe sun ƙage, uku kawai ke motsi.

Washegari bayan la'asar aka zo da malam, wani dattijo marar yawan magana. Ya sa aka zaunar da ita, ya daɗe yana karatu a kanta. Inuwa ta cinye rabin tsakar gida kafin yarinyar ta ɗago, ta yi tsaki da muryar tsohuwa.

"Ya isa haka, malam, ka ƙona ni. Ina jin ka."

"Wace ce ke, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Ko kallon banza. Aljana ce ni, makiyayiyar barewa. Mun saba da mafarauta tun kakan kakanka bai yi haƙori ba. Ba ma hana su rabonsu. Bakin bindiga muke kallo, inda ya nuna sai mu kauce kaɗan, mu ba harsashi hanya. Haka na koya wa ɗana. Ya kauce, malam. Ya kauce yadda na koya masa, tafin hannu ɗaya. Can harsashin ya same shi."

"To ai da mafaraucin za ki yi."

"Mafarauci ya saita daidai, ina tsaye na gani. Bindigar ce ta nuna nan ta harbi can." Kan yarinyar ya juya wajen uban. "Ko ba haka ba, sarkin saiti?"

"Na gwada ta," in ji maƙerin.

"Madalla! To akwai ƙanwarta a shago, ita ma da kwalinta. Ɗauko. A kafa kofi a gefen kan 'yarka, ka harbi kofin. In ka same shi na tafi, har na ba ka haƙuri."

Maƙerin bai motsa ba.

"Baban Auta," in ji matar, "me ya hana ka tashi?"

Ya rufe fuska da hannu biyu. Shekara guda ke nan, ya ce, da yanar ido ta rufe masa na dama. Kwali a nesa hayaƙi yake zame masa. Ya ji kunyar a ce ya tsufa, sai ya riƙa huda kwalayen da ƙusa mai zafi.

"Guda nawa ka fitar a haka?" in ji malam.

"Bakwai."

"Kwana uku ɗana ya yi yana mutuwa," in ji muryar. "Yarinyar nan zan ɗauka."

Malam ya ce, "Ba za ki ɗauke ta ba. Ba ta ƙera ba, ba ta harba ba. In kin ƙi, in ci gaba daga inda na tsaya."

Aka yi ta ja, malam na ɗaga murya da karatu, ita tana zagi tana tari. Daga ƙarshe ta ce ta saki jikin, amma ban da yatsun. Sharaɗinta shi ne maƙerin ya nemo bindigogin bakwai. Kowacce ya yanka ta da zarto a gaban mai ita, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.

"Ya yanka ɗaya, in saki ɗaya. Kuma da hannu, malam, ban da inji. Ina son in ji zarton yana tafiya."

Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta.

Wata biyu ana jin kukan zarto a shagon. Wani mafaraucin ya tofa masa yawu, wani ya tara masa jama'a, wani ya juya ya tafi. Duk bindigar da ta rabe biyu, Auta kan yi ƙara daga cikin gida, yatsa ɗaya ya miƙe.

Shida ya samu. Ta bakwai mai ita ya ba wani baƙo da suka haɗu a daji, bai san garinsa ba, ko kamanninsa bai riƙe ba.

Shagon na nan a kulle. Maƙerin kan fita da zarto a jaka, ya yi makonni yana bin mafarauta da tambaya. Ran da ya dawo, Auta ce ke buɗe masa ƙofa. Ba ta tambayarsa komai. Hannun dama take ɗaga masa, manuniyar a lanƙwashe kamar tana kan kunamar bindiga, ya duba, ya sunkuyar da kai ya wuce.