Wanda Na Fitar Daga Gurup

Ana shirin kiran magariba, ni kaɗai na rage a buron, wato ofishin, motocin siminti a Malbaza, ina faɗa da waya. Jerin direbobin da za su yi lodi gobe yana cikin gurup ɗinmu na aiki, amma duk sanda na taɓa takardar sai ta ce ba ni da izini. Na sauya rezo, wato layin sadarwa, na kashe na kunna, a banza. Raina ya gama ɓaci.

Wani ya yi sallama a bakin ƙofa, muryarsa kamar daga cikin tulu. Ko kai ban ɗaga ba.

"An tashi, malam. Sai gobe."

"Balki, ba rezo ba ne. Mai takardar kinka hidda daga gurup."

"Jaje? Mutumin da anka rufe ran Talata, mi zai yi da gurup?"

"Ko sadakar uku ba ki bari an yi ba."

Wayar ta girgiza a hannuna: Jaje ya ba ki izini.

Na dubi ƙasa. Babu sawu ko ɗaya a ƙurar simintin da ke ƙofar. Sai ƙafafu biyu a tsaye, ta hagu ba babban yatsa, wanda ƙofar mota ta datse wa Jaje bara.