Zaren Awon Taga

"Auta, ga tagar taki nan. Gabas take kallo, yadda kika ce. In hantsi ya fito har tsakiyar ɗaki yake shigowa, daidai inda za ki ajiye kekenki."

Shi kaɗai yake maganarsa. Ba gado a ɗakin, ba kujera, sai tabarma da jakar kayan aikinsa na kafinta a jingine da bango. Matar da yake wa maganar kuwa yau wata guda ke nan da aka rufe ta.

Abin ya faro ne a tsakar gidan surukinsa, satin da shagon da yake wa aiki ya rufe. Ya je ya durƙusa, ya ce zai koma wani gari inda ake ta gine-gine, kuma yana so ya tafi da matarsa.

"Aiki ka samu a can?" in ji Baba.

"A'a, Baba. Ɗaki zan fara kamawa, in ya so sai..."

"Ɗaki! Ɗakin za ku dafa ku ci?"

Auta ta ɗago daga kan keken ɗinkinta. "Baba, ai ina da sana'a. Duk inda mata suke ba a rasa ɗinki."

"Ke, rufe min baki! Da wannan ƙirjin naki da ko ƙurar shara ba ya so? Ba inda za ta. Ranar da na ji ka samu aiki, ka zo ka ɗauki matarka."

Baba ba mugu ba ne. Ita ce autarsa, uwarta ta rasu ta bar masa ita da ciwon asma, shi ya yi ta jinyarta tun tana ƙarama. Sai dai ɗakin da ya mayar da ita ba shi da taga, sai wata 'yar kafa can kusa da rufi, ga injin niƙan maƙwabta yana turo hayaƙi ta kan katanga tun safe har yamma.

Ranar tafiya ta rako mijinta bakin ƙofa, ta danƙa masa ƙwaryar zare fari.

"Oga Kafinta, ka nemo min ɗaki mai iska, tagarsa tana kallon gabas. In ka samu, ka auna tagar da wannan. Ƙulli ɗaya faɗi, ƙulli biyu tsawo. Kada ka kuskura ka turo min lamba!"

Ya yi dariya duk da idonsa ya cika. Farkon aurensu ya taɓa auna mata taga da tef ɗinsa na santimita, ita kuma ta yanka yadi da inci irin na teloli. Labulen da ya fito sai da ya rufe bango guda har ya yi saura. Tun daga nan ta ce ba ta ƙara yarda da lambobinsa.

Sabon garin bai yi masa maraba ba. A barandar wani shago ya riƙa ajiye jakarsa, kullum yana bin wani dillali mai bakin zuma daga lungu zuwa lungu.

"Wannan ɗakin Allah ne ya ajiye maka!" in ji dillalin, yana tura wata ƙofa da kafaɗa.

"Ina tagar?"

"Taga? Malam, ɗaki kake nema ko jirgin sama?"

Wani ɗakin yana jikin janareto, wani bangonsa ya jiƙe har ya yi kore. Waɗanda suka yi masa kuma, da mai gida ya tambayi aikinsa ya ce bai samu ba tukuna, sai fuska ta canza, a ce an riga an ba wani. Da safe neman ɗaki, da yamma zagayen wuraren gini, ko'ina amsa ɗaya: "Muna da kafintanmu."

A sati na biyar ya faɗa gidan wata Hajiya, tsohuwa mai kaifin ido. Ɗakin yana sama, tagarsa babba, amma katakon duk gara ta cinye.

"Aikin me kake, ɗan nan?"

"Kafinta ne, Hajiya, amma ban samu aiki ba."

"To ga shi ka samu, ko da yake ba lada. Gyara tagar ka zauna. Wanda ya faɗa min gaskiya a bakin ƙofa ba zai ba ni ciwon kai a cikin gida ba."

Ranar ya auna tagar da zaren, ƙulli ɗaya, ƙulli biyu, ya ba direban motar garinsu ya kai mata. Da ta kira shi murna har muryarta tana sarƙewa.

"Saura aiki," ta ce. "In ka samu, ni za ka fara gaya wa. Ka yi alkawari!"

"Na yi, Madam Tela."

Baba shi ma yana kira, duk ƙarshen sati, kuma tambayarsa ba ta canzawa: "Ka samu aikin?" Ba ya zagi, sai dai ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta fi mari ciwo. Sannu a hankali Kafinta ya daina ɗauka. In ya ga sunan Baba sai ya kife wayar, ya ce wa kansa sai ya samu labari mai daɗi zai kira.

Ranar da yake shafa wa tagar fenti, tun da sassafe wayar ta fara kuka. Baba. Ya kife ta. Ta sake, ya sa ta cikin jaka. Ya shafa hannu na farko, ya jira ya bushe, ya shafa na biyu, har da 'yar waƙarsa. Sai bayan la'asar, a kira na goma, ya ɗauka yana shirya ƙaryar da zai yi.

"Asmarta ce ta tashi, tun safe take kiran sunanka," in ji Baba. Muryar kamar ba tasa ba. "Yanzu ta daina."

Tafiyar awa huɗu ce kacal tsakanin garuruwan. Wannan lissafin ne ya hana shi sakat. Ya je, aka rufe ta, ya dawo bai haɗa ido da surukinsa ba. Bai saki ɗakin ba. Kullum sai ya share shi, ya buɗe tagar, ya fita neman aiki kamar mai cika umarni.

Yana cikin yi mata maganar tagar nan aka yi sallama. Baba ne a bakin ƙofa, ya rame, yana haki saboda matakala, da ƙunshi a hammata. Kafinta ya durƙusa. Tsohon ya wuce shi ya tsaya a gaban tagar, iska tana kaɗa masa riga. Ya daɗe a haka.

"Ashe haka iskar take," ya ce. Sai hawaye. "Na tsare ta daga yunwar da ba ta zo ba, na bar ta a ɗakin da ba numfashi. Ka yafe min, ɗana."

"Baba, ni ne ban ɗauki waya ba! Kunya ce, wallahi kunya ce kawai..."

"Ni na koya maka tsoron kirana."

Ya kwance ƙunshin. Labule ne shuɗi, an kalmashe bakinsa tsaf, ga farin zaren nan da ƙullinsa a maƙale da fil. Su biyu suka rataya shi. Labulen ya zauna cif, ko yatsa bai ƙaru ba.

Da zai tafi, Baba ya juyo a kan matakala. "Ka samu..." Sai ya haɗiye sauran. "Allah ya yi maka albarka. Ka riƙa kirana ko ba labari."

Iyaye, in kuna tsare 'ya'yanku ku bar musu wurin shan iska. Samari, kada kunyar rashi ta sa ku kife waya a kan naku, ba kowane kira ne tuhuma ba. Haƙuri yana biya, amma ba ya dawo da awa huɗun da aka bari ta wuce.

Abin da Baba bai sani ba, da safiyar nan wani ɗan kwangila, ƙanen Hajiya, ya ga tagar daga titi, ya hawo ya shafa katakon, ya ba Kafinta ƙofofi da tagogin gini guda. Jibi zai fara.

Kafinta ya koma ya zauna a inda keken zai zauna. Labulen yana shiga yana fita a hankali, kamar ƙirjin mai barci lafiya.

"Auta, na samu," ya ce. "Ke ce ta farko. Ban gaya wa kowa ba tukuna."