Hawayen Amumun

"Inna, ba kin ce maza ba sa kuka ba? To ga Baba yana yi."

Tata ta toshe bakin 'yarta Mina da tafin hannu, amma kowa ya riga ya ji, har da Sufeto Muktari. Wani aiki ne ya kawo shi daga Agadas zuwa sansanin Nasarun da ke neman yuraniyom kusa da Tchirozérine, shekaru kaɗan kafin a samu 'yancin kai. Yana can aka zo da gudu, wai an ba wani mai lambu dafi.

Mai lambun, Amumun mijin Tata, yana kwance a cikin bukka. Rawaninsa mai shuni na naɗe, amawali ya rufe hanci da baki, idanu kawai ake gani. Hawaye na kwarara, zufa ta jiƙe rigarsa, ƙirjinsa na ƙara kamar ana kaɗa ruwa a salka. Surukinsa Alhassane na zaune a gefe yana jan carbi.

A waje kuwa maza sun kewaye wata tsohuwa mai maganin gargajiya, 'Yargata. Wasu sun ɗebi duwatsu.

"Wa ya ce ita ce?" in ji Sufeto.

"Ni, ranka ya daɗe," in ji Akoli, direban kamiyon sansanin, wato babbar motar kaya, abokin Amumun. "Da idona na ga ta ba shi jiƙo jiya. Zaƙami ne."

"Iya, me kika ba shi?"

"Saiwar ciwon baya, ɗan nan. Ni na yi wa uwarsa unguwarzoma, yau kuma ni zan kashe shi?"

Sufeto ya sa ɗan sandansa ya tsaya a gabanta, ya koma bukka. Ghissa, ma'aikacin jinyar sansanin, ya iso da akwatinsa. Ya ɗaga fatar idon Amumun, ya yafito Sufeto.

"Dubi baƙin tsakiyar idon. Kamar tsinin allura. Mai zaƙami nasa buɗewa yake yi, bakinsa ya bushe, jikinsa ya ɗauki zafi ba zufa. Wannan kuwa ko'ina ruwa, bugun zuciya kuma ya ragu."

"To mene ne?"

"Akwai jijiyoyin da ke sakin yawu da hawaye, su rage gudun zuciya. Zaƙami rufe su yake. Wannan dafin buɗe su ya yi, ya hana su tsayawa." Ya fasa wata 'yar kwalba. "Atropin. Daga dangin zaƙamin ake yin sa."

"Dafi za ka ƙara masa?"

"Shi zai rufe abin da wancan ya buɗe."

Ya yi allura, ya jira, ya ƙara wata. Sufeto ya ɗora yatsu a wuyan Amumun. Jijiyar da ke bugawa da ƙyar ta soma ɗagowa a ƙarƙashin yatsunsa, hawayen suka janye. Ya sha ganin gawa a aikinsa, amma bai taɓa jin rai yana dawowa a hannunsa ba. "Ikon Allah," ya ce a hankali.

Sai dai ba a jima ba ƙirjin ya sake cika.

"Har yanzu yana shigarsa ta wani wuri," in ji Ghissa.

"Me ya ci yau, Tata?"

"Ko shayi bai sha ba, ranka ya daɗe. Naɗa rawani kawai ya yi, ya tafi rijiya, ba a jima ba ya faɗi."

Sufeto ya sunkuya. Wari kamar na tafarnuwa ya doki hancinsa. Ƙudajen da suka sauka a kan rawanin sun zube a tabarma, ƙafafu sama.

"Tun da ya faɗi ba wanda ya kwance masa wannan?"

Tata ta zaro ido. "A gaban Babana? Namiji ya buɗe baki a gaban surukinsa? Al'adarmu ta hana."

Sufeto ya durƙusa gaban Alhassane. "Baba, ka yi haƙuri, ku ɗan ba mu wuri."

Da bukkar ta zama daga shi sai Ghissa da mara lafiyar, suka warware rawanin da sanda, suka wanke fuska da gashin Amumun da sabulu. Ghissa ya ce irin warin maganin ƙwarin da ake fesa wa lambun Nasaru ne. Ya ƙara allura, numfashi ya daidaita.

Sufeto ya leƙa ya karɓi tsohon rawanin Amumun daga hannun Tata, mai tsabta, shuninsa ɗaya da wancan. Ya fita da shi, ya miƙa wa Akoli.

"Kai ne abokinsa. Riƙe masa wannan, ya jiƙe."

Akoli ya yi tsalle baya, ya ɓoye hannuwa. "Kar ka taɓa ni da shi!"

"Don me? Rawani ne fa. Ba ka ce zaƙami ya sha ba?"

Akoli ya zube a ƙasa.

"Ƙwarƙwata ce ta dame shi. Na ɗebo maganin ƙwarin daga bidon sansani, garwar da ake ajiye shi, na yayyafa masa a rawani da safe a bakin rijiya. Wallahi taimako na yi niyya."

"Da ya faɗi fa?"

"Tsoro na ji. In Nasara ya ji na taɓa bidon, aikina ya tafi."

"Sai ka zauna kana kallonsa yana shaƙa, ka bar tsohuwa ga duwatsu."

Aka sa masa ankwa. Mazan suka zubar da duwatsunsu ba mai iya kallon 'Yargata. Ita kuwa ta shige bukka ta karɓi ƙwaryar ruwa daga hannun Tata don ta taya ta jinya. Ɗan sanda ya tasa Akoli gaba zuwa mota.

Kai mai karatu, maganin ƙwarin lambu ba ya buƙatar baki, ta fata da numfashi ma yana shiga. Kada ka sa shi a gashi ko tufa, kada ka ajiye shi inda hannun yaro zai kai. In wani ya faɗi yana yawu da zufa, cire masa tufafin ko a gaban wa yake, ka wanke shi, ka ruga da shi likita.