Gonar da Rilwanu Bai Shuka Ba

Ranar Alhamis, sha ɗaya ga watan Mayu, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, shamuwar farko ta sauka a kan tsamiyar da ke bayan gidan Malam Wada a Kwaya. Hinda ce ta fara ganinta. Tana zaune a rumfa tana yi wa jaririyarta fifita da faifai, ta ɗaga kai, sai ga tsuntsuwar tana gyaran fiffike kamar baƙuwar da ta san gida.

— Zahara'u, fito ki ga wadda ta zo.

Zahara'u, matar wanta Hamissou, ta leƙo daga madafa da muciya a hannu, ta kare ido da tafi.

— Barka da hanya, hajiyar damina. Saura maza su biyo baya. Nawa yana Kano yana tura ruwa, naki yana Dogo-Dogo yana tura haƙuri.

— Ke dai bakinki ba ya hutu.

— In ya huta wa zai ba ki dariya? Goggo?

Hinda ta yi dariyar, amma ba ta daɗe ba. Wata huɗu ke nan tana gidan iyayenta. Ta zo wankan gida ne, haihuwar fari, ta sami 'ya mace aka sa mata sunan uwar miji, ana kiranta Ummi. Da aka yi arba'in, gwaggwannin mijinta Rilwanu suka zo da goro da sabulu don su tafi da ita. Goggo, mahaifiyar Hinda, ta karɓe su da fara'a, ta dama musu fura, ta sallame su hannu banza.

Goggo ba muguwa ba ce. Shekara uku da suka wuce babbar 'yarta Aziza ta koma ɗakin miji da yaro lafiyayye, a daidai irin wannan lokaci, rumbu ya yi ƙasa. Kafin gero ya nuna nonon Aziza ya ƙafe, yaron ya rame har zoben azurfan da ke hannunsa ya riƙa zamewa. Goggo ce ta goya shi zuwa likita, ita ce kuma ta goyo shi ta dawo, ba rai. Tun ranar ba ta ƙara yarda da damina ba.

Rabin sa'a bayan saukar shamuwa aka ji tsayuwar moto, wato babur, a ƙofar gida. Zahara'u ta ƙyafta ido.

— Ga mai haƙurin nan. Gyara ɗaurin kallabi, kin yi kama da mai takaba.

Rilwanu yana tsugunne a zaure da leda cike da mangwaro, 'yan ƙanana masu zare, waɗanda Hinda ta fi so. Ta miƙa masa Ummi, ya rungume ta yana shinshina wuyanta. Hinda ta ciji mangwaro ɗaya ta tsotsa, ruwansa ya gangaro mata har gwiwar hannu, ya yi mata dariya.

— Na kai taki amalanke tara, in ji shi. Na gama sharar gona. Ɗakinki ma na sake masa baibaya, ɗigo ɗaya ba zai shiga ba.

— Sannu da aiki.

— Iska ta juya, kin lura? Jiya da hantsi daga kudu take busowa.

— Na lura.

Ya yi wasa da yatsun jaririyar. Sannan ya ce a kira masa Goggo, akwai saƙo. Goggo ba ta shigo zauren ba, ta tsaya bayan zana suka gaisa, gaisuwar suruki, doguwa.

— Goggo, Baba ne ya aiko ni. Ya ce a gidanmu ba a taɓa yin magidanci ya yi sara, wata mace da ba tasa ba ta bi shi da iri. Ya ce mutanen gari sun fara cewa an riƙe mana mata don muna jin yunwa. Ya ce... ranar da aka zuba iri a gonata ba da hannunta ba, in rubuto mata takarda.

Mangwaron ya tsaya a bakin Hinda.

— Ka gaida Malam Sambo, in ji Goggo, muryarta ba hayaniya. Ka ce masa ba ni da ƙi da kowa. Amma bara gonarku ba ta yi ba, na sani, shi ma ya sani. Na binne jika ɗaya. Yarinyar nan ba ta barin gidan nan sai an ci tumu.

— Goggo, tumu sai nan da wata uku.

— Na san lissafin damina tun ba a haife ka ba.

Takun takalminta ya koma cikin gida. Hinda ta dubi mijinta.

— Za ka rubuta?

— Hannuna ba zai iya ba.

— To ka ƙi maganar Baba?

— Ita ma ba zan iya ba.

Ya miƙo mata Ummi, ya tashi moto, ya tafi da sauran rana.

Hinda ta kai kuka wurin mahaifinta. Malam Wada, wanda ciwon ƙafa ya zaunar shekara biyar, ya saurare ta har ta gama, yana jan carbi.

— Uwarki tana da gaskiya, surukinki yana da tasa. Ni da ban iya kai kaina masallaci, wa zan kai gidan wani? Ki yi addu'a, 'yar nan.

To, wace addu'a? Nan abin ya tsaya mata. Duk Kwaya ruwa ake roƙo. Ita ma jikinta ruwa yake so: ƙuraje sun feso wa Ummi a wuya saboda zafi, rijiya ta yi nisa, guga sai ya daɗe kafin a ji faɗuwarsa. Amma ranar da ruwa ya sauka a Dogo-Dogo, ranar aurenta zai mutu. Ta rasa bakin da za ta ce Allah ya kawo, ta rasa wanda za ta ce Allah ya hana.

Damina kuwa ba ta san da zamanta ba, ta ci gaba da aiko manzanninta ɗaya bayan ɗaya. Shamuwa ta zama biyu, suka fara jidar ƙirare. Tsamiya ta yi tofo ja-ja-ja, mata suka tsinka suka yi miya. Gawon da ke bakin gona ya soma zubar da ganye. Da magariba walƙiya takan yi wasa can gabas, ba tsawa, yara su yi tsalle suna nuna ta. Samarin da suka tafi cin rani suka fara dawowa, kowa da buhunsa da sabon takalmi. Duk motar da ta tsaya sai Zahara'u ta sami dalilin zuwa ƙofar gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai ya faranta wa Hinda rai kafin ta tuna, kamar mai ciwon haƙori da aka ba rake.

Takan tuna bara, daminarsu ta farko. Shi a gaba da sungumi yana sara, ita a baya da ƙwaryar iri, ta zuba ta rufe da diddige. Ya juyo ya ce, madam, wannan zubi naki gona za ki shuka ko kaji za ki ciyar? Ta jefe shi da ƙasa mai sanyi. Abin da ya faru ke nan kawai, amma ta fi sau ɗari tana maimaita shi a ranta.

Sau biyu ta durƙusa gaban Goggo.

— Goggo, zan riƙa cin abinci, wallahi. In na ga ta fara ramewa zan dawo da ƙafata.

— Aziza ma haka ta ce.

Ranar Asabar, goma ga watan Yuni, da la'asar, hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin. Iska mai sanyi ta iso Kwaya da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta kwashe shanya, ta kifar da ƙwarya, amma ko yayyafi ba a yi ba. Wayar Zahara'u ta yi ƙara, ta amsa, ta ɗan saurara, ta sauke.

— Hamissou ne. Ya ce an zuba ruwa a Dogo-Dogo kamar da bakin tulu. Shi ma yana bisa hanya.

Hinda ta kira Rilwanu, ba ta shiga. Lahadi ta sake kira sau bakwai, babu rezo, layin waya ya ɗauke. Ta wuni a rumfa, duk moton da ya wuce sai ta leƙa zaure, tana jiran ɗan aike da takarda. Litinin ma haka ta fara. Ko Zahara'u ba ta yi tsokana ba.

Da hantsin Litinin Hamissou ya iso da buhu a ka. Bayan gaisuwa da shan ruwa, ya zauna kusa da mahaifiyarsa yana kaɗa ƙafa.

— Goggo, ta Dogo-Dogo na biyo. Na ga abin da ban taɓa gani ba. Gonaki duk an shuke, har gandun Malam Sambo, Rilwanu da kansa ya yi saran. Amma tasa gonar ko rami ɗaya babu. Yana zaune a gindin aduwa, sungumi bisa cinya, buhun iri a ɗaure.

— Ba shi da lafiya? in ji Goggo.

— Lafiyarsa ƙalau. Ƙanwarsa ta ɗauko ƙwarya za ta bi shi, ya ce ta mayar. Ubansa ya zage shi a gaban mutane, bai ɗaga kai ba. Na ce, Rilwanu, danshi fa yana tafiya. Ya ce ya sani. Ya ce gwamma gona ta kwana shekara da ya rubuta takardar nan.

Hinda ta rufe fuska da gefen zane. Goggo ba ta dube ta ba.

— Gonar da ya kai wa taki amalanke tara?

— Ita.

— Ruwan ya shiga ƙasa sosai?

— Na tona da hannu, har nan, in ji shi, yana nuna gwiwar hannunsa. Amma rana tana ci. In ya wuce yau, sai dai wani ruwan.

Goggo ta tashi ta shiga ɗaki. Shekara arba'in tana bin sara da iri, tun tana yarinya bayan ubanta. A saninta mutum yakan bar sallar idi, yakan bar jana'izar nesa, amma ba ya barin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta daɗe a ciki. Da ta fito, ta ɗaure ƙugu da gyale, riƙe da ƙunshin tufafinta.

— Hamissou, auno gero tiya ashirin a rumbuna, da wake biyar. Ka nemo moto biyu.

— Ina zuwa, Goggo?

— Na ce jikata ba ta barin idona sai an ci tumu, ban fasa ba. Idon ne zai bi ta. Ke kuma Hinda kin tsaya kina kallona, ko sai na goya ki?

Zahara'u ta dafe baki.

— Goggo, zaman gidan suruki? Me mutane za su ce?

— Su ce. Waɗanda suka ce wancan karon ba su taya ni haƙa kabarin jikana ba.

Malam Wada ya ɗaga carbi daga inda yake zaune ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Sun isa ƙarfe uku da rabi, ba su biya gida ba, gona suka nufa. Rilwanu ya miƙe, ƙafafunsa sun yi tsami, ya rasa wa zai fara gaisarwa. Goggo ta durƙusa ta soka yatsa a ƙasa, ta tona, ta murza.

— Saura kaɗan. Ka zurfafa sara. Ke, miƙo min yarinyar.

Ba a daɗe ba Malam Sambo ya iso da sanda, an kai masa labari. Ya tsaya a bakin gona yana kallon ɗansa a gaba, surukarsa a baya da ƙwarya, sannan ya juyo wajen tsohuwar da ke zaune gindin aduwa da jaririya, buhun gero a gefenta.

— Sannu da zuwa, Goggo. Wannan buhun fa? Cewa aka yi ba mu iya ciyar da baƙo?

— Malam, ba don ku na kawo ba. Cikina ne babba, kuma zan daɗe.

Tsohon ya dubi jikarsa, wadda rabonsa da ita tun ranar suna. Ya jingine sandar ya miƙa hannu biyu.

— Kawo amaryar tawa in gani, ko ta manta mijinta.

A can tsakiyar gona Hinda tana zuba iri tana rufewa da diddige, hawaye yana hana ta ganin rami. Rilwanu bai juyo ba, amma ya rage sauri don ta cim masa.

Ba duk shukar ce ta fito ba. Gefen tudu ya riga ya bushe, sai da aka sake shuka shi bayan kwana tara, kuma bai yi kirki ba. Abin da aka samu a kwari ya kai su wata bakwai. Ummi ta yi zawo sau ɗaya a watan Agusta, Goggo ta tsaya a kanta har ta warke. An ci tumu Ummi tana zaune da kanta, tana kai hannu.

Yara masu tasowa, ku lura da wannan. Hinda ba ta tsallake maganar uwarta ba, Rilwanu bai mayar wa ubansa magana ba, bai kuma saki matarsa ba. Ba su da ƙarfin komai sai na jira, jiran kuma ya ci musu rabin gona. Haƙuri ba kyauta ake yinsa ba, amma shi ya tausasa tsofaffi biyu da rantsuwa ta ɗaure.

Waɗanda suka rage a gidan Kwaya a wannan damina su ne: Malam Wada, a kan buzunsa, Hamissou, da gonaki biyu a wuyansa, Zahara'u, wadda ta gaji tukunya da rumbu ba tare da mai amsa mata tsokana ba, da Aziza, wadda ta zo daga gidan mijinta don ta kula da mahaifinta, ta kwana wata uku a ɗakin Goggo.