Igiyar da Ta Hana Ƙofa Rufuwa

Kwana tara Hinewai tana tsaron bukkar masu hawan dutse ita kaɗai, kullum kwashe dusar ƙanƙara, duk jikinta ya mutu. Ta fara gyangyaɗi gaban murhu ke nan, wani dattijo ya turo ƙofa, da igiya ɗaure a ƙugunsa, jelarta har waje.

"Baba, rufe ƙofar mana. Itacen nan da wuya ake hawo da shi."

"Ba za ta rufu ba, 'yata. Ƙanena na kan igiya."

Ta san ƙa'idar: ba a kwancewa sai na baya ya iso. Ta miƙe da ƙyar ta kama igiyar. Nauyin mutum ne sosai, yana fizga. A nan ta lura ƙanƙarar kafaɗar dattijon ta ƙi narkewa, bakinsa kuma ba ya tururi.

Ta haska fitila waje. Babu sawu ko ɗaya. Taku uku daga ƙofa igiyar ta ƙare, a tsinke, miƙe cikin iska, tana ta ja.

"Riƙe da kyau," in ji dattijon, yana kwance ƙullin ƙugunsa. "Ni na gaji."