Guntun Bututu a Zuciyar Hajja Ni'imat

"Ba za ki faɗa mata ba, Rabab!"

"To wa zai faɗa? Kai?"

A barandar wani asibiti a birnin Mansura na ƙasar Masar suke tsaye. Saura wata biyu bikin auren Dakta Rabab da Hazim. Ta ɗaga hoton ƙirjin mahaifiyarsa, Hajja Ni'imat, saitin taga.

"Duba nan. Bututun da aka dasa mata a ƙirji don maganin ciwon daji ne ya karye, guntun ya bi jini ya shige zuciyarta. Shekara biyu da gama magani, Hazim! Me ya hana ku kawo ta a cire?"

Ya sunkuyar da kai. "Da sai ta yi tambaya... Ce mata muka yi na ƙarin jini ne."

Haushi ya turnuƙe ta. Kullum haka! Dangi su ja likita gefe suna raɗa, mai ciwon kuwa a bar shi a duhu, wai tausayi.

"Ba sai an tsaga ƙirji ba," ta ce. "Ta jijiyar cinya zan zura waya mai zarge, in kamo shi in jawo. Amma sai ta sa hannu, kuma sai ta san abin da take sa wa hannu."

"Ni zan sa mata. Ni ne babban ɗanta."

"Zuciyarta ce, ba gonar gado ba!"

Ya riƙo hannunta. "Rabin raina, in ta ji sunan ciwon nan tsoro zai kashe ta. Wallahi kika furta, ba ni ba ke."

Tana sonsa har cikin ɓargo. Ta zare hannunta ta shiga ɗakin da aka kwantar da mahaifiyar tasa.

Hajja Ni'imat ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta taɓe baki.

"Gashina ya zube tas, 'yata. Ƙarin jini ne ke zubar da gashi? Ni jaka ce?"

"Mama... kin sani?"

"Tun ranar farko. Na ga yaron nan ya sha wahala wajen shirya ƙaryarsa, sai na taya shi. Wata uku ƙirjina na dukan tara-tara, na yi gum don kar in tona shi. Miƙo biron."

Idonta biyu aka yi aikin. Rabab na kallon allo, wayar na tafiya sannu a hankali. Sau biyu zargen ya zame, bugun zuciyar ya rikice, a na uku ya kama. Da aka nuna wa Hajja guntun, ta ce, "Wannan silin taliyar ne ya so kai ni lahira?"

Rabab ta fito da saurinta. "Ya fita, Hazim! Kuma ta sani, tun tuni ta sani!"

Bai yi murmushi ba.

"Kenan duk dariyar da ta yi mini shekara biyun nan, lallashina take..." Hawaye ya gangaro masa. "Da wane ido zan kalle ta yanzu? Roƙonki na yi, Rabab."

"Da na biye maka..."

"Na sani. Kin yi daidai." Ya zare zoben baikon daga hannun damansa, ya ajiye a bakin taga. "Shi ya sa ba zan iya auren nan ba. Duk na kalle ki, wautata zan tuna."

Ya wuce ta ya nufi ɗakin mahaifiyarsa. Rabab ta ɗauki zoben daga bakin tagar.